Zo Ki Taka: Jinjina ga Inna Hasiya Mai Famfon Ƙafa

Kafin rana ta leƙo ta bayan rumbuna, Inna Hasiya ta riga ta share gindin famfo. Takan zo da tsintsiya a hannu, mabuɗi ɗaure a bakin zane. Ta kwance sarƙa, ta kori awakin da ke kwance a wurin, ta goge lakar jiya daga mataki, sannan ta hau. Famfon ƙauyenmu, a ƙasar Gangara, na ƙafa ne. Ba ya ba da ruwa sai an dafa ƙarfe an danna matakin da dukan nauyin jiki, a saki, a sake dannawa. Ita ke fara takawa kullum, ita kaɗai, ba jarka a bakin bututu, ruwan na gangarawa kwamin dabbobi. Sai ta yi gumi take sauka ta ce wa matan da suka fara taruwa, "To, bismilla, wa ke gaba?"

Haka take yi tun kafin a haife ni. A ƙarshen damanar bana gwiwoyinta suka ƙi, ɗiyarta Binta ta zo ta tafi da ita Gidan Rumji. A daidai lokacin kuma aka buɗe mana shato, babban tankin ruwa mai aiki da hasken rana, aka ja bututu unguwa-unguwa. Ina cikin waɗanda suka yi ta sintiri daga buro zuwa buro, ofisoshin gwamnati a Gazawa, har aka yi shi, kuma gobe ma zan sake. Bai kamata mace ta ƙarar da gwiwarta don ruwan sha ba. Sai dai kwamitin ruwa ya ce tunda mai famfo ta tafi, ruwa kuma ya samu, a kwance tsohon famfon a kai ƙarafansa ajiya. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Suna ganin ruwa kaɗai Inna ke bayarwa a wurin.

Duk wanda ya taɓa tsayawa layin ruwa a watan bazara ya san abin da ke cikinsa. Mace ta bar daka, ta bar yaro yana kuka, rana na dukan kanta, sai ta waiga ta ga an tura jarkarta baya. A wasu garuruwan da hakan ake kaiwa ga cizo da yagar zane. A namu ba a kaiwa, kuma ba don matanmu sun fi na kowa sanyi ba.

Basira, wadda aka kawo aure daga wani ƙauye na kusa, ita ta ba ni labarin ranarta ta farko. Wata ta ɗaga mata jarka, ita kuma ta ɗaure ɗankwali a ƙugu.

"Wallahi yau sai kin faɗa mini wa ya ba ki izinin taɓa kayana!"

Inna ba ta ce ta yi haƙuri ba. Ba ta tambayi wa ke da gaskiya ba. Daga kan mataki ta kira ta.

"Ke amarya, wanga ƙarfi naki asara ake yi. Zo ki taka mini, ƙafata ta gaji."

"Inna, magana nake yi!"

"Yi maganarki kina takawa. Baki daban, ƙafa daban."

Mata suka fashe da dariya. Basira ta hau don kunya, tana takawa tana masifa. Ta ce mini tun tana jera zagi har ya zamana numfashi bai isar ta ta ƙarasa kalma. Da ta sauko, jarkoki sun cika har da ta abokiyar faɗan. Inna ta miƙa mata ruwa a kwano, ta jira ta sha, sannan ta ce, "Yanzu faɗa mini, mi aka yi miki?" Kuma ta saurara har ƙarshe, ta ce wa ɗayar ta mayar da jarka inda ta same ta. Wannan ne abin da mutane ke mantawa. Inna ba ta binne magana. Jira take ta huce, sannan a yi ta.

Ke ce, Inna, kika gane cewa fushi yana zama a jiki kafin ya hau baki, kika samar masa hanyar fita da ba ta fasa kan kowa.

Maza ma ba su tsira ba. Wata kaka shanu suka shiga gonar waken Baba Alhassan, suka yi mata kaca-kaca. Gari ya ɗauki zafi, ana ta cewa shanun Jaye ne, Bafulatanin da ke zaune a rugar gabas. Washegari da hantsi sai ga Jaye da jakinsa da jarkoki, sai ga Alhassan da sanda ya biyo sawu. Waɗanda ke wurin sun ce mata har sun fara jan yara baya.

"Alhassan," in ji Inna, "Allah ne ya kawo ka. Aje sandar nan ka taka mini, na yi ta neman namiji tun safe ban samu ba."

"Hasiya, ba wajenki na zo ba."

"Na sani. Mutumin naka ba inda za shi, jakinsa ya fi ni gajiya. Ko dai tsufa ne ya kama ka, ba ka iyawa?"

Sa'o'in juna ne, tare suka yi wasan ƙasa. Ya jefar da sanda ya hau don ya nuna mata. Yana takawa yana huci, ita kuwa tana sauya jarka a bakin bututu ba tare da ya lura ba. Sai da ya sauko yana share fuska da hula ya ga jarkokin wa ya cika.

Jaye ya ce, "Sannu da aiki, Kaɗo. Gobe ma war haka zan zo."

Alhassan ya buɗe baki zai yi zagi, dariya ta riga shi fitowa. Daga nan su biyu suka taka har gidan mai gari da ƙafafunsu, aka je aka duba gona, aka daidaita. Ba a kira jandarma ba, ba wanda ya kwana a likita.

In ka tambayi mutanen garinmu yadda take yi, amsa ɗaya ce: "Ai halinta ne. Allah ya yi ta da sanyin zuciya." Wannan amsar tana ƙona mini rai. Yabo ne a baki, amma a ƙarƙashinsa uzuri ne. In nata hali ne da aka haife ta da shi, to ni da ke marin yaro don ya zubar da fura, da kai da ke wa matarka tsawa a gaban baƙi, mun kuɓuta ke nan, sai mu ce namu halin haka yake. Mun mayar da kalmar hali tabarma, mun shimfiɗa mun kwanta. In abu ya ɓaci kuma sai mu ce "sai haƙuri", kowa ya haɗiye nasa ya tafi gida da shi, ya juye wa wanda ya fi shi rauni.

A hutun da ya wuce na tashi daga Maraɗi, inda nake koyarwa a makaranta, na je Gidan Rumji gaishe ta. Na same ta a tabarma ƙarƙashin dalbejiya, ga famfon murɗawa a tsakar gida, ba abin da ya rage mata. Na gaya mata abin da ake cewa. Ta yi dariya har da tari.

"Sanyi? Ni? Binta, gaya wa malamar lakol sunan da ake kirana ina budurwa."

Binta daga madafa ta ce, "Barkono."

"To kin ji. Ɗiyata, har gobe in an taɓa ni sai na ji wuta ta taso mini nan." Ta dafa ƙirji. "Takawar da nake yi da sassafe ni kaɗai, kin ɗauka don awaki ne? Ta jiya nake zubarwa, kar in sa ta cikin ta yau."

Muna cikin hira na lura da ƙafarta ta dama. Tana danna ƙasa, tana saki, tana sake dannawa, ita ba ta ma sani ba. Ban iya ci gaba da kallo ba. Ta tambaye ni mutane ɗaya bayan ɗaya, wa ta haihu, wa ya dawo daga ci-rani, ko an gyara kwamin dabbobi. Da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Ki ce musu ban roƙi komi ba. Su bar ƙarfen nan inda yake, shi ke nan."

Ke ce, Inna, Barkonon da ta shayar da gari ruwan sanyi. Ba a ba ki kyauta ba, kullum sai kin yi aikinsa da ƙafarki, kuma ba wanda ya taɓa ce miki sannu a kan wannan.

Yanzu in na je gida da safe shiru nake ji. Ruwa na zuba a kowace unguwa, alhamdu lillahi, yara mata na isa lakol a kan lokaci. Amma ba wannan ƙarar ƙarfen da ke tashe mu, ba muryar da ke cewa "wa ke gaba?" Kwanan baya maƙwabta biyu sun yi cacar baki a bakin sabon famfo. Ba abin takawa a wurin, murɗawa ɗaya ce jarka ta cika, kowacce ta ɗauki ruwanta da fushinta ta tafi. Har yau ba sa gaisawa. Waɗanda suka gani sun ce musu su yi haƙuri.

Baba Alhassan, wanda ke cikin kwamitin ruwa, shi aka ɗora wa kwance tsohon famfon. Da bakinsa ya gaya mini ya je da sufana da tsakar rana, lokacin da ya tabbata ba kowa. Sai ya tarar da Basira a kan mataki, gumi ya jiƙa mata riga, ba jarka a gabanta, alhali ga sabon famfo a ƙofar gidanta.

"Basira, ruwan shato ya ɗauke ne?"

"Ruwa na nan, Baba. Da mai gidan muka yi. In na koma yanzu abin da zan faɗa ba zai kwasu ba."

Ya ce ya tsaya yana kallonta, yana kallon sufanar da ke hannunsa. Sannan ya mayar da ita aljihu, ya ce in ta gama ta ba shi wuri, shi ma tun safe ɗansa ke ɓata masa rai.

Kwamiti zai sake zama bayan an gama roron wake. Ina roƙonku, ku bar famfon, ku sa masa mai, ku ba Basira mabuɗin. Ku kuma da ke wasu garuruwa, ba sai kuna da famfon ƙafa ba. Akwai turmi, akwai gatari, akwai hanyar gona. Ku nemi inda za ku kai zafin kafin ku kai shi kan mutum, in kun huce kuma ku dawo ku yi maganar, kar ku binne ta. Ku daina ce mini haka Allah ya yi ku. Haka ya yi Hasiya ma.

Inna, mun gode. Mun sha ruwanki mun girma, ba mu san har da zaman lafiyarmu kike ɗebo mana ba. Allah ya sassauta miki gwiwoyin nan, ya ba ki ladan kowane taki.

Jiya na kira wayar Binta, ta miƙa wa Inna. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Ɗiyata, ana takawa?"

Na ce, "Ana takawa, Inna."

Ta ce, "To ki ce wa Basira ta riƙa sauya ƙafa. Ni da ɗaya na yi ta yi, ga ni nan zaune."