Suɓul da baka gaban Isuhu

Jama'a, yau bakina ya ja mini!

Muna fada, majalisar shan shayinmu, bayan la'asar, ana gardama kan anime ɗin nan, fim ɗin zane na Japan, da muke kallo. Wai abokin jarumi, wanda yar rantse sai ya zama shugaban mayaƙa, burinai na da sauran amfani?

Nic ce: "Wane buri? Burin nan ya mutu! Yanzu kayan jarumi kawai yake ɗauka!"

Ashe Isuhu na bayana, wanda yab baro karatun likita a Yamai don ya riƙe ma yayanai shago!

Yad dube ni, yac ce: "Musa, in babu masu saye, har yanzu ina buɗa littattafaina."

Yat tashi, ko shayi bai sha ba. Na buga mai waya, bai ɗauka ba.

Don Allah, wa za ya raka ni shagon gobe?