Alamar shanun marigayi ta buɗe tabilet

"Inna, idan na wanke ta, muryar Malam ta tafi ke nan."

Haka na ji Isuhu mai gyaran salula yana gaya wa wata tsohuwa daga Kwaya, jiya a kasuwar Magariya, ina zaune ina jiran tawa. Tabilet ce ta mijinta marigayi, jikoki suka yi ta gwada kod har ta kulle. A ciki akwai bidiyonsa yana hira a garke.

Da wani ne, da tuni ya goge komai ya sallami tsohuwar. Isuhu kuwa ya ajiye na'urar har lokacin kullewarta ya wuce, ta ba da damar a sake gwadawa.

"In Malam zai buɗe ta, lamba yake dannawa, ko zane yake ja?"

"Ɗan nan, mutumin da bai taka lakkwal ba, bai yi boko ba? Yatsa yake ja."

Isuhu ya ce, "Wace alama kuke sa wa shanunku da wuta?"

Ta duƙa ta zana a ƙasa. Ya ƙura ido, ya ja irinta a gilashin. Sai ga ta ta buɗe!

Da muryar tsohon ta fito, Inna ta gyara lulluɓi ta ce, "Na'am, Malam."

Wallahi irin wannan haƙurin ba a kowace rumfa ake samunsa ba. Ku a garinku akwai irin Isuhu?