Abin da Mai Rijiya Ya Gani a Bango

Shekara arba'in Mai Rijiya ya yi yana shiga ƙasa yana fitowa, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Ma'auninsa ɗaya ne tal, harshensa. In ya tarar da ruwa sai ya kamfata a tafin hannu ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce a sha ko kar a sha. Ba a taɓa musa masa ba, shi ya sa ya tsufa da taurin kai. Rijiyar tsakar gidansa kuwa 'yar lelensa ce. Ka zagi ɗansa ya yi dariya, amma kar ka kuskura ka kushe ruwanta.

Sai jikarsa ta kwanta, 'yar shekara huɗu da yake tsokana da uwargida. Amai da gudawa. A kai ta asibiti a ƙara mata ruwa, ta yi kwana uku da sauƙi, ciwo ya dawo sabo fil. A karo na uku likita ya gaya wa uwarta ƙiri-ƙiri cewa jikin nan ba zai ɗauki na huɗu ba.

Surukar Mai Rijiya, uwar yarinyar, ta shiga tafasa ruwa safe da yamma, har na wanke cokali. Yarinyar kuwa ta tsani dafaffen ruwa, wai ɗumi da warin hayaƙi. Da uwar ta ba da baya sai ta miƙo siririn hannunta ta ce, "Tsoho, mai sanyi." Zuciyarsa ta karye, ya lallaɓa bakin rijiya ya cika mata ɗan kofi. A ganinsa taimako ne, ruwan da ya raini ubanta ai ba zai cuce ta ba.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, surukar ta roƙi maƙwabciyarsu, malamar kimiyya, ta zo ta duba. Mai Rijiya ya zaci za a zo da manyan na'urori, sai ga Malama da sirinji da wani abu kamar biro mai fitar da koren haske, wai leza. Da rana tsaka aka toshe taga da bargo. Ta zuƙi ruwan rijiyar da sirinjin, ta ɗaure shi a gefen tebur, ta matsa a hankali har ɗigo ɗaya ya rataya bai faɗo ba. Tana haska shi, wata koriyar da'ira mai faɗin faranti ta bayyana a bango.

Abubuwa ne ke yawo a ciki. Wani kamar ƙwayar shinkafa ya wuce a guje, wani yana ta juyi wuri ɗaya. Mai Rijiya ya ce ƙura ce. Malama ta ce ƙura ba ta yin kwana ta dawo. Ta yi bayanin cewa ba duk mai motsi ke sa ciwo ba, masu kisan ma sun yi ƙanƙantar da hasken nan ba zai nuna su sosai ba, sai an kai ruwan ɗakin gwaji. Amma dai kar a bar yaro ya sha shi ɗanye.

Surukar ta zube ƙasa tana kuka. "Malama, sati uku ko ɗigo ba ta sha ba sai dafaffe. To me kuma zan hana ta?" Ta shiga tuhumar kanta, ko ba ta barin ya tafasa sosai, ko hannunta ne, ko kwanonta.

Tsoro ya kama Mai Rijiya irin wanda bai taɓa ji ba ko a ranar da rami ya rufta masa. In ya yi shiru ba wanda zai sani, za a ci gaba da neman ciwo inda babu shi. Shekara takwas kunya ba ta bari ya haɗa ido da surukarsa ba. Ya ɗago ya dube ta.

"Ni nake ba ta," in ji shi. "Kullum. Yau ma na ba ta, kafin Malama ta shigo."

Surukar ta miƙe ta shiga ɗaki, ta goyo yarinyar, ta nufi ƙofa za ta asibiti ko takalmi babu.