Ƙahon da aka yi wa Inna

Na dawo daga kasuwar Mai'adua na tarar da wanzami a tsakar gidanmu, bayan Inna jina-jina, jini ya ƙi tsayawa.

Yayanta Kawu Sale ne ya kira shi, wai a cire mata mataccen jini.

Na ce, "Kawu, ba a gabanka likita ya ce maganin bugun zuciyarta yana tsinka jini ba? Ko tsaga ya hana."

Ya ce, "Kai yaro ne. Ƙaho gadonsa muka yi."

Yanzu tana kwance a asibiti ana ƙara mata jini. Nawa aka ɗiba, don da aka nemi na Kawu cewa ya yi yana da uzuri.

Jama'a, ya kuke yi da babban da ba a isa a faɗa masa ba?