Yadda Tiya Oniang Ta Yi Jinyar Mai Zaginta

Duk wanda ya taɓa fitowa daga cocin garinmu ranar Lahadi ya san Tiya Oniang, ko da bai san sunanta ba. Ita ce 'yar gajeriyar tsohuwar nan da ke zama hagu da ƙofa, garwashi sama garwashi ƙasa, tana fitar da wainar shinkafa cikin ganyen ayaba. Sunanta na baftisma Gorgonia Lungay. Matar kawuna ce, Tiyo Pilo, ƙanen mahaifiyata (a wurinmu Tiya ita ce inna, Tiyo kuma kawu), kuma shagon ɗinkina yana kallon ƙofar gidanta. Abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a idona aka yi shi.

'Yar masu hawan kwakwa ce daga kan tudu. Ba ta yi nisa a makaranta ba aka kai ta birnin Cebu aikin raino, ta goyi 'ya'yan wasu har suka girma suka manta da ita. Da ta dawo tsibirinmu na Bohol ta auri Tiyo Pilo, masunci mai yawan barkwanci, wanda ake jin dariyarsa tun kafin kwalekwalensa ya taɓa gaɓa. Allah bai ba su haihuwa ba.

Mutane suna cewa da sanyin hali aka haife ta. Ba haka ba ne. Tiya tana da zuciya kamar kowa, wataƙila ma ta fi wasu. Sai dai in ranta ya ɓaci ba ta buɗe baki. Adda take ɗauka ta zaga bayan gida ta hau fasa kwakwa. In ka ji sara ba ƙaƙƙautawa, to wani ya taɓo ta. Can sai ta fito tana share gumi, fuska a sake, ta ce, "Mun gama magana da Ubangiji. Wa ke son ruwan kwakwa?"

Dama da ƙofar coci kuwa Nang Prosing, wato Yaya Prosing, ce ke zama, ita ma da tata wainar. Doguwa ce, mai murya kamar ta mai shelar gari. Kowa ya san wainarta ta fi ta Tiya laushi, amma mutane da yawa hagu suke bi, don ba wanda ke son ya fito daga sujada a zage shi. Shinge ɗaya ne ya raba gidajensu, kuma Mare suke kiran juna, domin Tiya ce ta riƙe 'yar farin Prosing ranar baftisma.

"Ga waina nan ta 'yan Adam!" in ji Prosing da ƙarfi. "Masu son dutse ku bi hagu!"

Tiya ta yi dariya ta ce, "Gaskiyarki, Mare. Tawa ta fi daɗewa a ciki."

Da abin ya tsaya a nan, da ba labari. Wata damina iska ta taso Tiyo Pilo yana teku. Aka tsinci kwalekwalensa a kife, shi kuwa ba a gan shi ba. Maza suka yi ta nema har suka gaji. Ana cikin wannan jimami Prosing ta je birnin Cagayan wajen ƙanwarta, ta dawo da labari. A tsakiyar kasuwar kifi ta tsaya ta ce ta ga Pilo da idonta a tashar jirgin ruwa, tare da wata mace mai goyo a ƙugu.

"Ku daina ɓata hawayenku," in ji ta. "Wane namiji zai mutu a hannun juya?"

Kafin yamma maganar ta kewaye gari. Mahaifiyata ta ɗaura ɗamara za ta je ta yi mata dukan tsiya, Tiya ta tare ƙofa ta riƙe hannunta har ta haƙura. Abin da ya ba mu mamaki shi ne Tiya ta ƙi sa baƙaƙen kaya, ta kuma ƙi yarda Fada ya yi wa Tiyo addu'ar matattu. Masu tsegumi suka ce, kun gani, ita ma ta sani. Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Kowace safiya Tiya ta gaida Prosing ta saman shinge, kowace safiya ita kuma ta amsa da tsaki.

Sai ga shi wata rana Prosing ta faɗi a bakin murhu. Da aka dawo da ita daga asibiti, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace. 'Yarta tana aiki a Dubai, ɗanta yana Manila da nasa iyalin. Suka ɗaukar mata masu jinya, amma ba wadda ta daɗe. Ta farko an jefe ta da kofi, ta biyu ta fito tana kuka ta ce gara ta koma wankin kifi.

Da safe ina buɗe shago na hango Tiya ta fito da buta da daro da tawul a kafaɗa, ta nufi ƙofar Prosing.

"Tiya! Ina za ki?"

"Wanka zan yi mata, Day. Tun jiya nake jin warin daga ɗakina." Day take kirana, wato yarinya.

"Wannan matar? Wadda ta kira ki juya a gaban 'yan kifi?"

"Ita ɗin fa. Matsa, ruwan zai huce."

Na bi ta, ba don in taimaka ba, don kada a fasa mata kai. Muka tarar da Prosing kwance cikin ɓacin da ta yi, ƙudaje suna bin ta. Tana ganin Tiya ta zaro ido, ta lalubo kwano da hannunta mai lafiya ta wurgo. Ya wuce ta gefen kunnen Tiya ya bugi bango.

"Madalla," in ji Tiya. "Hagun nan da sauran ƙarfi. Mare, zan ɗaga ki yanzu. Zan fara da baya."

Na ga masu jinya da yawa, ban taɓa ganin hannu irin nata ba. Sai ta ɗumama tafinta a ruwa kafin ta taɓa fata. Ba ta taɓa wuri sai ta faɗa tukuna. Ta lulluɓe matar da zane, ta riƙa wankewa ta ƙarƙashinsa, idonta yana kan taga tana ba da labarin tsadar shinkafa, kamar ba ta ga komai ba. Prosing ta juya fuska bango, haƙora a cije. Da aka kawo kunun shinkafa ta fesa wa Tiya cokalin farko a fuska. Tiya ta goge, ta ɗebo na biyu, ta hura.

A makonnin nan kwakwar bayan gidan Tiya ta ga ta kanta. Har maƙwabta suka riƙa zuwa da robobi karɓar ruwanta kyauta.

Maganar Prosing ta fara dawowa a hankali, kuma zagi ne ya riga komai isowa. Ranar da ta iya cewa "wawuya" sarai, Tiya ta leƙo ta taga tana kirana da murna: "Day Nita! Zo ki ji! Harshen ya warware!"

Wata rana na kasa daurewa. Na same ta tana wanke zannuwan gadon Prosing a bakin famfo, na ce, "Tiya, ki gaya mini gaskiya. So kike a ce ke waliyyiya ce? Matar nan ba ta cancanci ko gaisuwa ba."

Ta ci gaba da cuɗa zane. "Ke kin cancanci numfashin da kika ja yanzu? Ni dai ban biya nawa ba. Da Yesu cancanta yake dubawa, da ni da ke muna waje har yau. Alheri ai ba lada ba ne, Day. An ba ni ban roƙa ba, ina miƙa wa na kusa. Ita ce ta fi kusa, shinge kawai." Ta matse zanen, ta ƙara da cewa, "Kuma kada ki ɗauka daɗi nake ji. Jiya sauran kaɗan in kifa mata kunun a kai."

Bayan wasu watanni Prosing ta fara zama a baranda. Wata la'asar na kai mata rigar da na ɗinka mata mai buɗewa ta gaba. Tiya tana tsaye a bayanta tana taje mata gashi da man kwakwa. Sai Prosing ta ce, idonta a kan titi, kalmomin suna fitowa da ƙyar:

"Ban gan shi a Cagayan ba."

Matajin ya tsaya.

"Ƙarya na yi. Ban ga kowa ba. Haushi nake ji. Mijinki yana sa ki dariya, nawa bai taɓa ba."

Tiya ta ci gaba da tajewa. Sannan ta ce, "To. Juya kanki, wannan gefen ya saura." Ta gama tajewa tsaf, ta tufke gashin, ta gyara mata matashi, ta tsallaka gida.

Na kasa kunne in ji adda. Ban ji ba. Wannan shirun ne ya tsorata ni, na bi ta. Na same ta zaune a ƙasa kusa da tsohuwar komar Tiyo Pilo da ta ƙi jefarwa, tana kuka irin wanda ban ga ta yi ba ko a ranar da aka jawo kwalekwalen.

Na ce, "Tiya, ai yanzu an wanke ki. An wanke Tiyo."

Ta girgiza kai. "Ba ki gane ba, Day. Na san ƙarya ce, tun ranar na sani. Amma wani lungu a zuciyata yana cewa, in gaskiya ce fa? In yana can da rai, yana goya ɗansa, yana dariyar nan tasa? Wallahi na yarda a yi ta kirana juya, shi dai ya kasance yana numfashi. Kullum haka nake masa addu'a, ta masu rai. Yau ne Pilo ya mutu."

Na zauna kusa da ita har rana ta faɗi.

Na yi zaton ba za ta koma ba, kuma ba wanda zai ga laifinta. Da gari ya waye sai ga ta da buta da daro, ido a kumbure. Prosing tana ganinta ta ce:

"Me ya dawo da ke?"

"Ƙazantarki," in ji Tiya. "Ɗaga hannu."

Wannan makon ta je wurin Fada da kanta ta roƙi a yi wa Tiyo Pilo addu'ar matattu. Na ɗinka mata baƙar riga. Ta sa aka sassaƙa ɗan dutse da sunansa, aka ba shi wuri a maƙabarta kusa da iyayensa. Prosing ta dage sai ta je. Ba mu da keken guragu, sai muka shimfiɗa katifa a amalanken da Tiya ke tura kayan waina, aka ɗora ta, Tiya ta tura abarta har coci.

Da aka fito, mutane sun cika ƙofa, Prosing ta buga sandarta a jikin amalanke har kowa ya waiwayo.

"Ku saurara! Pilo teku ce ta ci shi. Ni na ƙirƙiri zancen Cagayan. Ni, Prosing." Ta bi fuskoki da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Ku kuma da kuka yaɗa, me kuke kallo? Ba ku taɓa ganin maƙaryaciya ba? Ku je gida ku duba madubi!"

Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka ƙunshe dariya. Fada ya yi tari ya ce a wuce maƙabarta.

A can aka yi addu'a, aka yayyafa ruwa, Tiya ta durƙusa ta ajiye kyandir da furen da ta tsinko a hanya. Ta daɗe tana shafa dutsen. Prosing ta leƙo daga amalanke ta ƙura masa ido, ta yamutsa fuska.

"Wane makaho ne ya yi aikin nan? Dubi sunan, ya karkace kamar bakina."

Tiya ta ja da baya ta duba. Gaskiya ne, haruffan sun gangara gefe ɗaya.

"Bar shi haka, Mare," in ji ta, tana miƙewa da ƙyar, hannu a gwiwa. "Shi ma bai taɓa sa hula daidai ba."

Ta kama hannun amalanke, ta ce wa Prosing ta riƙe da kyau akwai gangara, suka nufi gida suna gardama a kan wace ce ta fi sanin yadda ake jiƙa shinkafa.