Sunan da Hajiya Ta Hana Ni Rubutawa

Ana kiran assalatu muka baro gida, ni da abokin tafiyata, shugaban kwamitin iyayen yara na makarantarmu, muka nufi filin jirgin sama na Kano. Kowa a cikin ayarin masu Umra yana rungume da jakar harami da carbi. Ni kuwa har da wata takarda da na ninke huɗu na cusa a aljihun gaba, wadda ta hana ni sakat tun kafin jirgi ya ɗaga. Bari in fara faɗa muku asalinta, don ku san abin da ya sa mutum zai tafi Ɗakin Allah da ransa a ɓace.

Ni ne ma'ajin makarantar al'umma ta unguwarmu. Malamanmu tara ne, gwamnati na biyan shida, mu muna biyan uku. Kwatsam sai hukumar ilimi ta yankinmu ta aiko da umarni cewa duk makarantar da ke karɓar tallafi dole ta sa shigar kuɗinta da fitarsu a intanet, kuma duk wanda ya ba da gudummawa a rubuta cikakken sunansa. Wadda ta ƙi, a janye mata malamai. Takardar wannan umarni ce a aljihuna. Ban ce dokar banza ba ce, na san akwai inda ake wawurar kuɗin yara ba kunya ba tsoron Allah. Amma mu da ba mu da ko wutar lantarki, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Mai buɗe mana shafi ya karɓi nasa, mai shagon kwamfuta ya karɓi nasa kan kowace rasit da ya ɗauka, ga man janareta, ga kuɗin data. Da na haɗa lissafi, abin da muka kashe don nuna wa duniya kuɗin alli ya fi kuɗin allin kansa.

Wannan duk da sauƙi. Albashin malamai ukun nan wata tsohuwa ce 'yar asalin unguwarmu, mazauniyar Makka, take aiko da shi ta hannun fatake, shekara da shekaru, bisa sharaɗin kada kowa ya sani. Ni da abokin tafiyata kaɗai muka san ta. A littafina "wata baiwar Allah" nake rubutawa. Jami'in hukuma ya ce kwamfuta ba ta san wata baiwar Allah ba, ko suna ko kada mu karɓi kuɗin. Irin wannan magana kuwa ba a yi wa babba ita ta waya, shi ya sa kwamiti ya ɗora mini neman izininta a kan Umrar da na yi shekara huɗu ina zubin adashi dominta.

Mun sauka Jidda da rana tsaka, muka yi layi har ƙafafu suka yi tsami. Titin Makka kuwa shimfiɗe yake sumul, ba rami ko ɗaya, duwatsu baƙaƙe hagu da dama. Abokin tafiyata, da ya saba da gargadar hanyar garinsu, ya ce shi wannan santsin ma tsoro yake ba shi, direba zai iya yin barci. Muna ta talbiyya, ni kuwa da na ce Labbaika sai takardar nan ta faɗo mini a rai. Na ji haushin kaina, na ji haushin hukuma ninki biyu.

Ganin Ka'aba ya wanke mini zuciya, ba zan ɓoye ba, na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Ana ta aikin faɗaɗa masallaci, ƙarafunan gini sun yi cirko-cirko a sama, an toshe wasu ƙofofi, sai mutum ya zagaya ya zagaya kafin ya sami mashiga. Mun yi ɗawafi da sa'ayi lafiya, aka yi mana aski riyal goma. Abokin tafiyata ya buga lissafin riyal goma a naira, da yake naira ta faɗi warwas, ya shafa kansa ya ce da ya sani da ya taho da rezarsa. Abinci dai akwai albarka. Gurasar tamis mai zafi da wake da safe, da rana shinkafa buhari da rabin kaza, wadda mutum biyu za su ci su bar saura. Shayi ne kawai ban yafe ba, ɗan kofin da bai kai kurɓa uku ba.

A rana ta huɗu bayan la'asar muka hau tasi zuwa Mansur, unguwar Hausawa a Makka inda tsohuwar take zaune. Wanda bai je ba ba zai yarda ba, kai ka ce an ciro wani yanki na Fagge an dasa. Ga mai tsire, ga mai fura, ga mata da tiren goro, Hausa na tashi ta ko'ina, sai dai kowace magana da jelar Larabci. Mun tambayi gidanta, aka ce ai Hajiya mai waina ce, aka nuna mana wani lungu mai hawa.

Mun same ta a kan tabarma tana tsince shinkafa, tsohuwa 'yar firit, hannayenta duk tabon tanda. Ɗaki ɗaya ne da tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki mai ƙara kamar injin markaɗe. Wallahi kunya ta kama ni. Na zaci zan tarar da mai gidajen haya, ashe da kuɗin waina da aikin girkin da take yi a Arfa lokacin Hajji ake koyar da 'ya'yanmu. Ta sa aka kawo mana waina da miyar taushe, ta yi ta tambayar mutanen unguwa, rabinsu sun daɗe da rasuwa. Sai da muka ci muka sha na zaro takardar, na yi bayani a hankali, ina lanƙwasa murya yadda zan iya.

Ta saurara har na gama. Sannan ta tambaya wa zai iya ganin sunan. Na ce duk mai waya, Hajiya.

"Duk mai waya," ta maimaita. "Ɗan nan, ni ajiya nake yi wurin Allah, kai kuma ka zo ka ce in kwaso in baza a kasuwa? La, wallahi. Kuma 'ya'yan ƙannena da ke can, ka san su? Ranar da suka ga ina da fulus na biyan malamai, ranar zumuncinmu zai mutu. Halas, magana ta ƙare, kada ka rubuta."

Na roƙe ta. Na ce mata malamai uku ne, cikinsu har da malamar 'yan aji ɗaya mai riƙe da marayu. Ta ce ta sani, don su take tashi gaban tanda kullum. Abokin tafiyata ya kawo dabara, wai a sa sunansa a madadin nata. Hajiya ta kalle shi sama da ƙasa ta ce a garin Makka, da askin Umra a kansa, yake shirya ƙarya? Ya sunkuyar da kai. Ni ma na kawo tawa, ta riƙa aika wa malaman kai tsaye ba ta hannun makaranta ba. Ta ce to ai sun san ta ke nan, kuma abin da mutum uku suka sani unguwa ta sani. Da gaskiyarta, kuma in hukuma ta gano ana biyan albashi a bayan littafi, malamai shida za mu rasa.

Da za mu tafi ta ce kuɗin ba za su koma jakarta ba, za ta mayar da su haƙa rijiya a wani ƙauye, inda ba mai tambayar suna. Ta sa na yi mata alkawari da bakina cewa ko bayan ranta ba zan ambace ta ba. Ta ba mu dabino da turare, ta ce in gaida yara.

Kwana ukun da suka rage na yi su ne ina ɗawafi ina huci. Na roƙi Allah ya huce mini zuciya, don na tsinci kaina ina tsara wa jami'in hukuma baƙar magana a gaban Ka'aba. Ko tsarabar kirki ban saya ba, sai zamzam da 'yan carbi da hula biyu, su ma sai da abokin tafiyata ya ja ni kasuwa.

Mun dawo Kano lafiya, alhamdu lillahi. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, wanda ya zauna a ofis ya rubuta doka ya ƙirga kuɗin shafi da na data, amma bai ƙirga mutanen da alherinsu ba ya son fitila ba. Ɓarayin da aka yi dokar dominsu sun ɗauki masu iya kwamfuta sun gyara lissafinsu tsaf. An bar jaki ana dukan taiki.

Ni aka bar wa sanar da malaman uku cewa daga ƙarshen zango babu albashi. Malamar aji ɗaya ba ta yi faɗa ba, ta dai ce in faɗa mata wanda ke bayarwa, ita za ta je ta durƙusa masa da kanta. Na ce ba zan iya ba. Ta ce ko sunan garinsu ne. Na ce shi ma ba zan iya ba. Ta dube ni, ta dubi sabuwar hular da na sayo a Makka, ta ce Allah ya karɓi ibada, ta fita.

Shafinmu yana nan a intanet, kowane kwabo da sunan mai shi, hukuma har ta yaba mana. A unguwa kuwa maganar da ke yawo ita ce ma'aji ya tafi Umra, ya dawo, albashin malamai ya ɓace. Amsar tana bakina, kuma na yi alkawari.