Wutar da Ta Ci Rudun Babana

Wata Asabar ce da hantsi, a ƙarshen bazarar shekarar da na shiga aji huɗu. Ina tsugune a bayan gidanmu ina dirzar tukwane da toka, sai na ji ƙara kamar an jefa ɗanyen kifi cikin tafasasshen mai. Na ɗaga kai, sai ga wayar lantarkin da ta ratsa ta saman rudun Baba tana tartsatsi, ciyawar rufin kuma ta kama. Rudu shi ne rumfar kara da ciyawa da ake jera albasa a ciki ta jira tsada, kuma duk abin da Baba ya noma a fadama a ranin nan yana ciki. Abincinmu na shekara ke nan, da takin damina.

Na watsar da tukunya na yanka a guje cikin unguwa ina ihu, "Wuta! Wuta!" To, a ƙauyenmu da ke kusa da Danchadi, mu yara mu ne masu shelar lantarki. Ba a kashe makunnin ƙwan zaure ko da wuta ta yi wata ba ta leƙo ba, duk wanda ya fara ganin ƙwai ya kama shi zai kwasa da ihu, saura su amsa. Lokacin kuwa an daɗe rabonmu da ita, har gizo-gizo ya yi saƙa a fankar masallaci. Sai yaran da ke langa a dandali suka karɓe mini da tsalle, "An kawo wuta! An kawo wuta!" Mata suka rangaɗa guɗa, mai niƙa ya ruga tada injinsa, samari suka hau rububin cajin waya. Ina kuka ina nuna bayan gida, wata tsohuwa tana dafa kaina tana cewa, "Ke ɗiyag ga, murna har da hawaye?" Sai da hayaƙi ya turnuƙe, ƙaurin albasa ya cika gari, sannan aka fito da bokitai. Nan ma ba wanda ya iya watsa ruwa, don wayar ta tsinke tana kwance a kai tana huci. Muna tsaye muna kallo rudun ya zube.

Abin da ke ƙona mini rai har gobe shi ne Baba ya faɗa tun da wuri. Tun da iskar hadarin farko ta karkatar da turken, wayar ta sauko, duk ranar da ya je kasuwar Boɗinga sai ya biya ofishin 'yan wuta ya kai ƙara. Amsarsu ɗaya ce: "Ai babu wuta cikinta, Malam Garba." Bayan gobarar sai ya koma neman diyya. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ƙulle ƙonanniyar albasa a ƙunshi don shaida, ya kuma ɗauke ni a bayan babur, tunda ni na gani da idona. Suka tambaye ni yaushe aka ɗauke wuta, yaushe aka maido, na faɗa musu tiryan-tiryan. Suka ce babban ya tafi Sakkwato, mu dawo. Haka Baba ya yi ta zarya har aka yi shuka, gero ya kai gwiwa.

Ranar da motarsu ta shigo gari da tsani a bayanta, na yi zaton gyara suka zo yi, ko maganar diyya. Ashe yanke wutar gidajen da ba su biya ba suka zo yi, kuma da gidanmu suka fara. Yayana Sanusi ya dawo daga gona da fartanya a kafaɗa, ya tarar da mutum a saman turkenmu. Shi kuwa Sanusi tun yana yaro ba a taka shi ya ƙyale. Ya ɗaga kai ya ce, "Kunka ƙone muna albasa, yanzu kuma mi kaka nema?" Bai jira amsa ba ya fizge tsanin. Mutumin ya faɗo, na ji ƙarar ƙashinsa daga bakin zaure. Kafin ka ce me, gari ya rufe shi, wannan da ƙota, wancan da dutse, har da waɗanda ko lantarki ba su da shi a gida. Abokan aikinsa suka tsere a mota, gilashi a tarwatse. Shi kuwa mutumin yana birgima cikin jini da ƙasa yana cewa, "Aiko ni anka yi! Don Allah, aiko ni anka yi!" Baba ne ya kutsa ya kwanta a kansa, sanda ta same shi a gadon baya, sannan mutane suka dawo hayyacinsu. Da la'asar 'yan sanda suka tafi da Sanusi.

A gaban uban ƙasa aka yi sulhu, dattawa suka cika zaure. Inna ta ce Baba bai ci komai ba ranar. Aka yi ta kai kawo, daga ƙarshe uban ƙasa ya dube shi ya ce, "Malam Garba, ka yahe albasa, su yahe jini." Baba ya ce, "Ranka shi daɗe, na yahe. A ba ni ɗana." Ya dawo da Sanusi gida, bai zage shi ba, bai kuma sake tada maganar ba. Ranin da ya biyo baya ba shi da iri, ba shi da taki, sai ga Baba da furfurarsa yana ƙwadago a fadamar yaran da ya koya wa ban ruwa. Mutumin nan da ya faɗo kuma na ji ƙafarsa da ta karye ba ta ɗoru daidai ba, aikin ma ya rabu da shi.

Yanzu a Shagari nake aure, rufin gidana da farantin sola, in waya ta sauko a unguwa ɗaukar hotonta ake yi a tura wa 'yan wuta, ba sai dattijo ya ƙona mai zuwa Boɗinga ba. Sanusi ya yi sanyi, shi ke raba faɗa a garinmu. Baba kuwa ya rasu bai sake gina rudu nasa na kansa ba. Ina kewarsa ƙwarai, kuma har yau ina jin haushin yadda ya iya haƙuri.